Baƙin da Auta Ta Binne a Bango

Aikina fentin gidaje. Na daɗe ina hawa tsani har gwiwoyina sun fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, kuma abin da sana'ar ta koya mini bai wuce ɗaya ba: bango ba ya mantuwa. Ka shafa masa fari iya son ranka, in akwai hayaƙi ko mai a ƙarƙashi, wata rana zai leƙo. Ƙanwata Auta ita ma da fenti take ci, amma nata zane ne, irin wanda ba mutum ba, ba dabba ba, ba gida ba. Labarinta zan bayar, don ita ba za ta bayar ba. In ka tambaye ta ma'anar abin da ta zana, cewa za ta yi ka matsa, kana tare mata haske.

Mahaifinmu tela ne. Shagonsa yana cikin jerin shagunan da ke ƙasan wani bene a bakin titi, kuma nasa ne manne da matakala. Bayansa sai mai aski, sai mai takalma, sai mai gyaran rediyo. Baba mutum ne mai tsari har ya gundure ka. In zai tashi daga aiki sai ya goge keke, ya lulluɓe shi, ya rataye almakashi a ƙusarsa. Daga nan ya zare dutsen guga daga wuta, ya jira ya huce, ya naɗe wayar a jikin mariƙin, ya soke kan a ƙarƙashi. Ko gobara ake yi a maƙwabta sai ya gama wannan kafin ya fito.

Auta tana ƙarama, in ta taso daga makaranta shagon take wucewa. Ta shige ƙarƙashin tebur ta tattara ƙyallayen da suka zuba. Ba 'yar tsana take ɗinka wa riga ba. Jerawa kawai take yi a ƙasa, ja kusa da baƙi, ta ɗauke, ta sa shuɗi, ta yi ta kallo kamar mai jiran su yi magana. Baba yakan leƙa ya ce, "Wannan 'yar tawa, ko dai hankali ya yi mata yawa, ko babu shi sam. Ma gani."

Mai ginin, wanda kowa ke kira Mai Bene, yana da wata sana'a ta bayan fage. Duk lokacin da fetur ya yi wuya sai ya tara jarkoki a ƙarƙashin matakala, ya garƙame da kwado, yaransa suna ɗiba suna sayarwa. Kowa a layin ya sani. Warin yakan ratso shagon Baba har ya kama yadin mutane. Baba ya taɓa yi masa magana, cikin ladabi, ya ce, "Ranka ya daɗe, abin nan da wuta ba sa ga maciji." Mai Bene ya ce in wurin bai yi masa ba, ga hanya nan a buɗe.

Wuta ta tashi wata rana da yamma bayan an rufe shaguna. Kafin 'yan kwana-kwana su iso, ƙasan benen ya zama murhu. Ba a rasa rai ba, amma keken Baba da duk yadin da mutane suka kawo ɗinki sun tafi. Tun hayaƙi bai kwanta ba Mai Bene ya tsaya a tsakiyar titi ya ce tela ne ya bar dutsen guga a kunne. Ya faɗa da ƙarfi, ya maimaita wa masu bincike. Jarkokin sun narke, abin da ya rage yaransa sun kwashe da shebur. Aka tambayi maƙwabta. Mai takalma ya ce ba ya nan. Mai rediyo ya ce shi kansa a cikin rediyo yake wuni. Mai aski, wanda suke sa hannu a kwano ɗaya da Baba, ya dubi ƙasa ya ce Allah ne masani. Kowa yana so a mayar masa da shagonsa in an gyara.

Washegari Auta ta shiga cikin tokar ba wanda ya aike ta. Ta fito baƙa ƙirin har gira, tana riƙe da dutsen gugar. Robar wayar ta narke, amma jan ƙarfen da ke ciki yana nan naɗe a jikin mariƙin, kan a soke a ƙarƙashi, yadda Baba ke yi kullum. Dutsen da ke kunne ba ya naɗe wayarsa da kansa. Ta nuna wa mai aski, ta nuna wa mai takalma, ta je gaban Mai Bene ta ɗaga masa da hannu biyu. Ya ce a janye yarinyar nan kada ƙusa ta soke ta. Iyakar shari'ar da aka yi ke nan.

Aka yi wa ginin filasta, aka shafa fenti, kowa ya koma shagonsa ban da Baba. Suna ya bi shi: Mai Dutse. Yara su kira, manya su yi dariya ƙasa-ƙasa. In wani ya manta buta a kan wuta sai a ce, "Kai, kada ka yi mana irin ta Mai Dutse." Ba wanda ya sake ba shi ko ɗinkin aljihu. Mutumin da ba ya iya ganin zare a ƙasa ya wuce, shi aka mayar abin misalin sakaci. Ya koma zaman gida, yana daidaita takalman da muka cire a bakin ƙofa. Bai yi doguwar jinya ba. Likita ya ce ciwon zuciya ne, Inna ma haka ta ce, amma ba abu ɗaya suke nufi ba.

Ni na bar karatu na bi wani mai fenti. Auta ta ci gaba har ta shiga makarantar koyon zane. An koya mata zana fuska da tulu da 'ya'yan itace a faranti, kuma ta iya. Ta taɓa zana Inna, har Inna ta ce a juya hoton ya kalli bango, kallon da yake yi mata ya yi yawa. Amma ta watsar da wannan duka. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Yaya, fuska maƙaryaciya ce. Ranar da mutanen layin nan suka yi shiru, akwai wanda fuskarsa ta canza?"

Ta karɓe ɗakin ajiyar da ke bayan gidanmu. Ba ta da buroshin kirki ko ɗaya. Takan shimfiɗa yadi mai kauri a ƙasa ta danne kusurwoyin da bulo. Ta kunna fitilar kananzir, ta kifa farantin ƙarfe a kan harshen wutar, in baƙin hayaƙi ya taru ta kankare shi cikin gwangwani. Takan bi garejin makanikai ta roƙi baƙin mai. Tsatsa kuwa, tsofaffin ƙusoshi take jiƙawa a ruwan gishiri har ruwan ya yi ja. Da waɗannan take aiki, da ƙarfen shafa filasta, da tafin hannunta. In ta shafa, sai ta bi da ɓarin almakashin Baba tana kankarewa, ta sake shafawa, ta sake kankarewa. Wani yadin har ya huje. Ba ta zana komai a takarda tukuna, ba ta auna komai. Tana iya wuni a tsugune gaban farin yadi ba ta taɓa shi ba, sannan ta miƙe ta yi masa abin da za ta yi kamar mai dambe.

Abu na ƙarshe kullum ɗaya ne. Ta hura gawayi, ta ɗora dutsen gugar Baba har ya yi zafi, ta danna shi a kan zanen. Ba ta ɗagawa sai ta ji warin ya canza. Duk aikin da ya fita daga ɗakin nan yana ɗauke da wannan ƙunar, wani a tsakiya, wani a gefe inda sai ka nema.

Masu saye sukan tambaye ta inda take samo abin da take zanawa. Ba ta amsawa. Ni na sani. Duk lokacin da hannunta ya tsaya, mota take shiga ta je tsohon layinmu, ta tsaya a tsallaken titi tana kallon matakalar nan. Ba ta gaida kowa. In ta dawo ko mayafi ba ta cirewa take fara aiki.

Inna takan tsaya a bakin ɗakin, hannu a hanci.

"Auta, wannan kuma mene ne? Kaza ce ta faɗa baƙin mai ta bi ta kai?"

"Ke me kika gani, Inna?"

"Na ga wankin da ba ni zan yi ba." Sai idonta ya sauka kan dutsen. "'Yar nan, ki bar wa Allah."

"Na bar masa, Inna. Amma bai ce in zubar da dutsen ba."

A hankali aikinta ya fara fita. Wani ya ɗauki hoto ya sa a waya, wani ya gani ya zo. Aka rataye zanenta a ofisoshi da falon masu hali. Ba ta yi arziki ba, amma ta daina roƙona kuɗin mota.

Wata rana ta lalata wani zane, baƙin ya yi mata yawa, sai ta ɗauki ragowar farin fentina ta rufe shi ta jingine. Da zafi ya yi zafi, sai ga ta tsaye a kaina ina cin abinci.

"Yaya, fentinka na jabu ne."

Na bi ta na duba. Farin ya yi ruwan shayi, wani wurin baƙin ya riga ya fito sarai. Na ce, "Fentin lafiyarsa lau. Na ruwa ne, ba ya riƙe mai da hayaƙi. In kina so ya zauna, sai kin fara rufe ƙasan da fentin mai, ya bushe, sannan ki ɗora fari."

Ta daɗe tana kallon yadin. "In an rufe wani wuri, an bar wani fa?"

"Inda aka rufe ya zauna fari. Inda aka bari ya tona miki asiri."

Daga ranar katangar bayan gidanmu ta shiga uku. Ta rarraba ta gida-gida, nan baƙin da kauri, nan shafa ɗaya, nan an sirka da kananzir, ta sa ni na bi da fari, ta zauna tana jiran wanda zai riga fitowa. Damina ta wuce, zafi ya dawo, tana nan tana gwaji. Sai da ta san gwargwadon da zai bari fenti ya kama yau, ya ci amanarsa daga baya. Inna ta ce katangar ta koma kamar jikin mai ƙyanda. Ni na ɗauka sabon salon zane ne kawai take nema, kuma wataƙila a lokacin haka ne.

Mai Bene ya tsufa, ɗansa ya karɓi ragamar dukiya. Mutanen layin suna kiransa Ƙaramin Bene. Abin da ya fara yi shi ne korar masu shaguna gaba ɗaya. Shirun da suka yi bai saya musu komai ba sai 'yan shekaru. Mai aski ya koma ƙarƙashin rumfar kwano a tsallaken titi, da kujera ɗaya da madubi mai tsaga. Aka rushe bangayen da ke tsakanin shagunan, ƙasan benen ya zama zaure guda na taro da cin abinci, da ƙofar gilashi. Bangon baya ya zama ɗaya, dogo, daga ƙarƙashin matakala har ƙarshe. Ƙaramin Bene ya so a yi masa zane a kai irin na zamani. Ya ga aikin Auta a waya, ya neme ta. Lokacin gobarar yana makarantar kwana, bai san 'yar wace ce ba.

Ta same ni a kan tsani a wani gida da nake aiki.

"Yaya, na samu bango."

"Allah ya sanya alheri."

"Ba ka tambayi wane bango ba."

Da ta faɗa, sai da na sauko. Ta ce tana so in shafa mata fari, fentin ruwa, ba tare da na rufe ƙasan ba.

Na ce, "Kin san abin da kike nema? Sunana ne zai hau aikin nan. Tun da na fara sana'ar nan ba a taɓa kira na aka ce bangona ya dawo ba."

"Baba ma bai taɓa barin dutse a kunne ba."

Na wanke rolar da nake shafa fenti da ita na bi ta.

Ranar da muka sauke bokitai a ƙofar zauren, mai aski ya bar kan da yake aski ya tsallako. Ya tsufa.

"Ɗan tela, kai ne?"

"Ni ne, Kawu."

Ya dubi Auta, ya dubi jakar da ke kafaɗarta, inda hancin dutsen ya ɗan turo. "Me za ku yi a ciki?"

Ta ce, "Kawu, ai kai gwani ne wajen rashin gani. Ka ci gaba da abin da ka iya."

Ya koma rumfarsa. Bai gaya wa kowa ko mu su wane ne ba.

Auta ta ce a rufe gilashin da tamfol, kada kowa ya shigo sai ta gama. Ƙaramin Bene ya ji daɗin wannan, ya ce haka manyan masu zane suke. Ta fara daga ƙarƙashin matakala. A nan ta zuba baƙin da kauri, hayaƙi da mai, tana murza shi cikin filasta da tafin hannu har fatarta ta saɓule. Daga nan ta ja shi sama, ta ja shi gefe, yana raguwa yana siracewa har ƙarshen bangon. Ban taɓa ganin ta yi aiki da natsuwa irin ta wannan lokacin ba. Ba dambe, ba kankara. Kamar mai yi wa jariri wanka.

Da baƙin ya sha iska, ta tsaya daidai inda teburin Baba yake a da. Ta fito da dutsen ta dube shi, ta zana siffarsa a bangon, tsawon mutum, da layukan waya naɗe a mariƙin. Wannan wurin kaɗai ta rufe da fentin mai, ta bari ya bushe, ta ƙara. Sannan ta ce, "Yaya, bismilla."

Na shafa farin nan da kyau kamar yadda nake shafa kowane bango. Ba tabo, ba sawun rola. A kai ta ɗora wasu siraran layuka, shuɗi mai haske da ruwan zinariya, abin da za ka rataye a ɗakin mai jego.

Ranar da aka cire tamfol, Mai Bene ya zo da sandarsa, ɗansa yana riƙe da gwiwar hannunsa. Bai kalle mu ba. Bai taɓa kallon fuskar ma'aikaci ba, shi ya sa ban damu ba.

"Wannan ne zanen? Ni fari kawai na gani da wasu zare-zare."

"Baba, haka ake yayi yanzu. Natsuwa ce ake nunawa."

Auta ta ce, "Ranka ya daɗe, irin wannan aikin ba ya gama fitowa a rana ɗaya. A ba shi lokaci."

Aka buɗe zaure, aka yi ta taro. Muka koma harkokinmu. Auta ba ta taɓa yadi ba duk tsawon lokacin sanyi. Ta zauna tana taya Inna tsintar shinkafa, abin da ba ta taɓa yi ba.

Da zafi ya shigo, ƙarƙashin matakala ya fara yin ruwan shayi. Masu shara suka ce danshi ne, suka goge, bai fita ba. Ya koma ruwan ƙasa. Daga nan ya yi baƙi, ya fara hawa, harshe-harshe, yana bin bangon. Da farko Ƙaramin Bene murna ya yi. Baƙi suna tsayawa suna ɗaukar hoto, yana gaya musu zane ne mai rai, babu irinsa a garin. Sai farin nan na kusa da matakala ya fara fitowa, don duk kewayensa ya yi duhu shi kuwa ko ɗigo bai taɓa shi ba. Wani ya ce ganye ne. Wata ta ce hancin kwale-kwale. Amma tsofaffin masu shaguna suna tsallaken titi, kuma ƙofar gilashi ce. Su ba su ga ganye ba.

Magana ta fara yawo a layin, ƙasa-ƙasa. Mai Bene ya ji, ya sa aka kawo shi. An ce ya tsaya gaban bangon har sai da aka turo masa kujera. Ya ce a shafe shi yau. Aka kira wani mai fenti ya shafe. Baƙin ya dawo da wuri fiye da na farko. Aka kira wani, shi ya zo da fentin mai, amma man ya riga ya ratsa filastar, fentin ya kumbura ya ɓare kamar fatar ƙuna.

Ƙaramin Bene ya kira ni a waya, muryarsa a sama. "Malam, kai ka shafa bangon nan. Me ka yi masa?"

Na ce, "Ni sama na shafa. Abin da ke ƙasa ne ke fitowa."

Ya kira Auta. Ina zaune ta amsa. Ta bari ya gama faɗan da zai yi, har da maganar kotu, sannan ta ce, "Ni 'yar telan da ke manne da matakala ce. Ka tambayi mahaifinka abin da yake ajiyewa a ƙarƙashinta." Ta kashe wayar ta ci gaba da tsintar shinkafa.

Mai Bene bai jira kotu ba. Ya ce a fasa filastar gaba ɗaya, a kwashe ta a zubar, kada a bar ko ƙwaya. Aka kawo magina da guduma. Saboda ƙura dole aka wangale ƙofofin, layin duka ya taru yana kallo. Mu ma muka je. Auta ta tsaya a inda ta saba tsayawa, jakarta a kafaɗa.

Aka fara daga ƙarshen zauren. Filasta tana zuba, tsohon bulo yana fitowa da ɗan dishin hayaƙi. Aka iso wurin shagon Baba, farin dutsen nan ya farfashe ya zube. Bulon da ke bayansa baƙi ne, amma lafiyayye, guduma tana tsalle a kansa. Da aka shiga ƙarƙashin matakala sai sautin ya canza. Filastar wurin ta yi kaurin tafin hannu, kuma da ta faɗo, bulon da ke baya ya biyo ta, ja, yana marmashewa kamar busasshen burodi. Simintin cikin matakalar ya daɗe da fashewa. Rodi ya fito tsirara, a lanƙwashe. Ashe ramin da gobarar ta yi aka toshe da ɓaraguzai aka lulluɓe.

Babban maginin ya ajiye guduma ya ja baya, ya ce wa yaransa su fito. Ya ce wa Ƙaramin Bene, "Maigida, kada kowa ya sake hawa wannan matakalar. Kuma wutar da ta ci nan ba wutar yadi ba ce. Yadi ba ya lanƙwasa rodi."

Sai na ga mai aski ya matso kusa da Auta, yana murza hularsa a hannu. Ya yi ƙasa da murya.

"'Yata, ki yafe mana."

Ba ta juyo ba. "Da ƙarfi, Kawu. Ranar ma a tsakiyar titi aka faɗa."

Ya tsaya kamar ba zai iya ba. Sannan ya taka zuwa tsakiyar titi, har wani mai babur ya kauce masa. Ya ce fetur ne. Ya ce jarkoki ne a ƙarƙashin matakala, shi da idonsa ya ga an kwashe narkakkun da shebur. Ya ce tela bai bar komai a kunne ba, kuma yarinyar nan ta kawo masa dutsen da wayarsa a naɗe, ya gani, ya kawar da kai. Muryarsa ta tsufa, amma ta kai ƙofar zauren. Mai takalma ya ce haka ne. Mai rediyo ya gyaɗa kai.

Auta ta zaro dutsen daga jaka ta ɗaga shi da hannu biyu, kamar yadda ta yi tana yarinya. Wannan karon Mai Bene ya kalla. Ya ce, "Ai tsohuwar magana ce." Ya miƙa hannu don ɗansa ya riƙe shi zuwa mota. Ɗan bai ga hannun ba, ko kuma ya gani. Direba ne ya zo ya kama shi.

A hanyar gida na tambaye ta ko ta san abin da ke bayan filastar. Ta ce, "Ban sani ba. Na dai san ba zai iya zama da bangon ba."

Hukumar gine-gine ta zo ta rufe wurin. Har yau a rufe yake, gilashin ya yi ƙura. Ni na yi asarar ayyuka, don labari ya bazu cewa fentina yana dawowa, kuma sai da na sha wuya kafin a sake yarda da ni. Auta ma masu hali sun ja baya da ita. Ba kowa ke son ba wa irinta bangonsa ba, don kowa ya san abin da ya lulluɓe. Mai aski ya zo gida ya durƙusa gaban Inna, ta ce ta yafe. Auta tana ɗakinta, ba ta fito ba, kuma ban ce ta fito ba.

Inna ba ta yaba mata ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta dai ce in kai ta ta gani. Ta leƙa ta gilashin, ta daɗe tana kallon inda teburin yake a da, da tarin ɓaraguzan da aka bari. Ta ce, "Da Babanku ya ga wannan ƙazantar, da tsintsiya zai fara nema." Ta gyara mayafinta muka tafi.

Kwanan baya na bi ta layin zan je aiki, na tsaya sayen shayi. Wani ya kunna taba kusa da babur ɗin da ake zuba wa mai, sai mai shayin ya daka masa tsawa ya ce, "Kai, matsa can, kada ka yi mana irin ta Mai Jarka." Na tambaye shi wane ne Mai Jarka, ya nuna mini rufaffen benen da cokali. Na ce to Mai Dutse fa? Ya ce bai san shi ba.

Da na dawo na gaya wa Auta. Tana tsugune gaban sabon yadi, gawayi yana ci a gefe. Ba ta yi murmushi ba. Ta ce in na samu ragowar fari in ajiye mata. Ta ɗaga dutsen daga wuta ta danna a kan zanen har warin ya canza. Sannan ta jira ya huce, ta gyara naɗin wayar, ta soke kan a ƙarƙashi, ta rataye shi a ƙusa.